Kun Sayar da Lambar da Ƙanena Ya Haddace

Zuwa ga Babban Manajan kamfanin wayar da ya sayar wa mahaifina layi, ya yi shekara da shekaru yana karɓar kuɗin katinmu, sannan ya ɗauki layin ya sayar wa wani muna raye.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa irin wadda ta dace da mai riƙe da babbar kujera, ina fatan kana lafiya, iyalinka suna lafiya, kuma duk wanda kake so idan ya kira ka yana samunka. Ban ambaci sunan kamfaninku ba, ba don tsoro ba, sai don na san 'yan matan da ke zaune a tagogin ofisoshinku su za a fara kora idan magana ta yi zafi, alhali ba su suka kafa dokar ba. Kun san kanku. Na je ofishinku na Alsawra har masu gadin ƙofa sun daina tambayata abin da ya kawo ni, na kira lambar koke-kokenku har na haddace waƙar da kuke sa wa mai jira. Tunda ƙofa ta ƙi buɗuwa, sai in yi maganata a bainar jama'a.

Sunana Nafisa Usman. Malamar firamare ce ni, a Umbadda, wata unguwa ta Omdurman, aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, kakana kuwa da ƙafa ya zo daga ƙasar Hausa zai tafi Makka, ya dawo ya tsaya a Omdurman yana ɗinkin jallabiyya har ya rasu. Yanzu ina zaune a unguwar Alsawra, a ɗaki guda a gidan ƙanwar mahaifiyata, Gwaggo Halima, ni da mahaifiyar tamu, Hajja Hawwa, wadda muke kira Inna. Ina da ƙane guda, Siddiƙ, mai sayar da agashe. Maganarsa ce ta kawo wannan wasiƙa.

Layin da nake magana a kai shi ne na farko da ya shigo gidanmu. Baba ya saye shi da sunansa tun ina 'yar makaranta, ya damƙa wa Inna wayar, ya ce ita ce mai zaman gida, saboda haka ita ce lambar gida. Ya zaunar da mu a tabarma ya biya mana lambar kamar yadda yake biya mana karatu, bai bar mu ba sai da kowa ya kawo ta da ka. Ya ce duk inda ɗayanmu ya ɓace, ko ya shiga hannun hukuma, ko mota ta lalace masa a hanya, ya nemi aron waya ya buga wannan. Danginmu na Mayurno da Gadarif da Jidda da Kano duk ita suka sani. Mutum zai taso daga Nijeriya zuwa Umra ta ƙasa, a rubuta masa ita a 'yar takarda a ce idan ka isa Omdurman ka kira Hajja Hawwa. Bayan rasuwar Baba ba wanda ya yi tunanin canja sunan da ke kan layin. Wa ke zuwa ofis ya goge sunan ubansa?

Siddiƙ mutum ne mai mantuwa. Ko lambar wayarsa idan ka tambaye shi sai ya duba. Sau nawa ina yi masa tsiya cewa kansa ba ya riƙe komai sai yajin agashe. Amma lambar Inna, ko cikin barci ka tashe shi zai karanto maka ita ba gargada.

Yaƙi ya same mu cikin azumi kamar yadda ya samu kowa. Ba mu gudu ba, domin Inna ta ce ba ta barin gidan da mijinta ya gina. Muka zauna muna ganin unguwa tana zama kufai. A watan Fabrairu na 2024 shabaka, wato sabis ɗin waya, ta ɗauke, wayoyi suka zama fitilu kawai. Bayan wasu makonni maganin hawan jinin Inna ya ƙare, Siddiƙ ya ce bari ya leƙa wajen Kasuwar Libya ko zai samu. Ya ce mini, "Yaya, ki ɗora shayi, yanzu zan dawo." Maƙwabcinmu ya ce ya ga masu bindiga sun sa shi a mota tare da wasu samari. Daga nan ba mu sake ganinsa ba.

Ranka ya daɗe, ga abin da tsohuwar nan ta yi, ina so ka karanta shi a hankali. A lokacin ana shiga gida-gida ana ƙwace wayoyi. Inna ta sa ni na cire mata sim ɗin, wanda a nan ake ce wa shariha, ta naɗe shi a 'yar leda, ta ɗinke shi cikin guntun fata da hannunta, ta rataya a wuya kamar laya. Ta ce mini, "Su ɗauki tarho ɗin, ba komai. Shariha ɗin nan ita ce ƙofar da Siddiƙ zai ƙwanƙwasa." Wayar kuwa sun ɗauka, da tawa, da firji, da keken ɗinkin Baba. Ba wanda ya kalli layar da ke wuyan tsohuwa. A fahimtarta, da tawa ma a lokacin, muddin wannan ɗan kati yana hannunka, lambar taka ce, kamar yadda mai riƙe da makulli yake mai ɗaki. Ba wanda ya taɓa gaya mana cewa akwai wata na'ura a wani wuri da ke ƙirga mana kwanaki.

Mun daɗe a Umbadda bayan nan, domin yanzu ta samu dalili na biyu na ƙin tashi: kada ya dawo ya tarar da gida ba kowa. Sai da yunwa ta kai mu ga dogara da kwano guda na wake daga takiyya, wato wurin dafa abincin sadaka na masallaci, ƙafafunta suka kumbura, sannan ta yarda aka ɗora ta a amalanken jaki muka fito. Ranar da muka isa Alsawra, ko ruwa ba ta sha ba ta ce a kawo reza. Aka farke fatar, aka sa sim ɗin a wayar ɗiyar ƙanwarta. Wayar ta ce wannan kati ba shi da rajista. Muka cire, muka goge da gefen mayafi, muka hura masa iska, muka canja waya, duk ɗaya. Sai na ce bari in buga lambar daga wata wayar in ji. Ta yi ƙara, wani namiji ya ɗauka da Larabci.

Sunansa Awad, ma'aikacin gidan burodi ne a Atbara. Ya ce a ofishinku ya sayi layin, sabo fil a leda, da rasit. Na yi masa bayani. Sai ya ce, "Ya ustaza, ashe ku ne. Wallahi sau biyu wani yana kira, muryarsa kamar ta marar lafiya, yana magana da yaren da ban sani ba. Abin da na riƙe kawai, yana ta cewa Inna, Inna. Na biyun ya ce Nafisa. Na ce masa ya yi kuskuren lamba, sai aka katse."

Ƙanena yana raye, ko aƙalla yana raye a ranar. Allah kaɗai ya san abin da ya bayar, ko irin roƙon da ya yi, kafin a ba shi aron waya na minti guda. Ya buga lambar da ubansa ya koya masa, aka ce masa ya yi kuskure. Bai yi kuskure ba, ranka ya daɗe. Ku kuka yi. Ina jin haushinku irin wanda ban taɓa ji wa wani mahaluƙi ba bayan waɗanda suka ɗauke shi, kuma ga dalilaina.

Na ɗaya. Ma'aikaciyarku ta karanto mini dokarku, cewa duk layin da ya wuce wa'adin da kuka yanka ba a yi kira ba, ba a sa kati ba, ya koma hannun kamfani. To, a cikin watannin nan da kuka ƙirga mana, da wace shabaka za mu yi kiran? Turakunku na unguwarmu sun mutu. Mutane suna hawa rufin ɗaki suna ɗaga waya sama kamar masu duban wata, ba ko ɗigo. Ku ne kuka daina zuwa, sannan kuka rubuta cewa mu muka yi fashi. Ni malama ce. Idan aka rufe makaranta, ba na buɗe rajista in rubuta wa yara rashin zuwa, balle in kore su in ba wasu kujerunsu. Ban ce ku kuka jawo yaƙi ba, ban ce ku kuka kashe turakun da gangan ba. Amma na'urar da ta san ba mu yi kira ba, ta san kuma cewa ba hanyar kira a inda muke. Wani ne ya zaɓi ya karanta rabin farko ya bar na biyu, domin rabin farkon ne ke kawo kuɗi.

Na biyu. An ce mini kun aiko da saƙon gargaɗi kafin ku yanke. Na tambaya, ina kuka aika shi? Aka ce kan layin. Wato kan sim ɗin da ke ɗinke cikin fata a wuyan Inna, a unguwar da ba shabaka. Na yi dariya a gaban tagar, dariyar da ba ta daɗi ba. Wannan fa shi ne a dake ka a hana ka kuka.

Na uku. Da na ce a mayar mana da layinmu, sai aka duba kwamfuta aka ce tsohon mai layin Usman ne, a kawo shi da kansa da katin shaidarsa. Na ce Usman yana maƙabarta, idan shabakarku ta kai can ku kira shi. Yarinyar da ke tagar ta sunkuyar da kai tana ba ni haƙuri, ta ce, "Ma'alesh ya ustaza, sistam ne." Ban ga laifinta ba. Amma ku gaya mini: shekarun nan da Baba ya yi a ƙasa, wa ke sa wa layin kati? Lokacin da kuke karɓar kuɗi daga hannun Inna kowane wata, ba ku taɓa cewa sai Usman ya zo da kansa ba. Sai ranar mayarwa kuka tuna da shi. A unguwanninmu rabin layukan mata da sunan miji ne, ko na ɗa, ko na mai shagon da ya sayar, domin samun takardar shaida a wajen mai suna irin namu da harshe irin namu ba wasa ba ne, sai ka kawo mai shaidar inda aka haifi kakanka. Kun san da haka sarai, da haka kuka sayar mana.

Shi Awad, Allah ya saka masa da alheri, ya ce ya yarda a mayar da layin da sunana. Na sayar da 'yan kunnena na hau bas zuwa Atbara, muka shiga ofishinku tare, kowa da katinsa a hannu. Aka ce sashen canja sunan mai layi bai dawo aiki ba tun da yaƙi ya taɓa hedkwatarku ta Khartoum. A tagar da ke kusa kuwa, mutane sun yi layi ana sayar musu da sababbin sim. Ikon Allah! Kwamfutar sayarwa ta warke, ta mayarwa ce har yanzu ke jinya. Za ka ce me ya hana Awad ya miƙo mini katin kawai. Na roƙe shi hakan. Ya ce albashinsa ta wannan lamba yake shigowa a manhajar banki, sannan ya rage murya ya ce, "Layin da sunana yake, ya ustaza. Kiran nan daga wancan ɓangaren, na waɗanda suka ɗauke shi, yake zuwa. Idan wata rana aka bincika, ni za a zo ɗauka, kuma wayar ba ta hannuna balle in yi bayani." Duk wanda ya taɓa tsayawa a shinge ana bincike a wayarsa ya san gaskiya ya faɗa. Shi ma ɗan wata uwar ne.

Na huɗu, kuma wannan ya fi ƙona mini rai fiye da yadda zan iya rubutawa. Duk hotunanmu da saƙonnin muryarmu suna ajiye a ma'ajiyar intanet da ke ɗaure da wannan lamba da tawa, tawa kuwa kun yi mata irin abin da kuka yi wa ta Inna, har yau ban san a hannun wa take ba. Da na je wurin samarin da ke wallafa cigiyar waɗanda suka ɓace, abin da suka fara tambaya shi ne hoto. Ba ni da hoton ƙanena ko ɗaya. Na tsaya ina kwatanta shi da baki, dogo, baƙi, da tabon ƙuna a hannun dama, kamar mai cigiyar akuya. Sai da Awad ya riƙa karanto mini lambobin sirrin da ake turowa layin Inna, sannan na buɗe ma'ajiyarta na ciro hoto guda, na ranar Sallah, yana dariya da hula a karkace. Ku duba fa: da layin ya faɗa hannun marar tsoron Allah, da hotunan matan gidanmu ba lulluɓi, da muryar Baba yana yi mana nasiha, da duk sirrin gidan Usman, suna hannunsa. A zamanin nan lamba ba lamba kawai ba ce, ita ce makullin bankin mutum da hotunansa da zumuncinsa. Ku kuka mayar da ita haka, da tallace-tallacenku. Ba za ku ce ba ku san abin da kuke sayarwa ba.

Lambobi biyun da aka kira da su, Awad ya ba ni. Ɗaya a kashe take. Ɗayar wani ya ɗauka sau guda ya ce mutane da yawa ke taɓa wayar, ya katse. Na roƙi ofishinku a gaya mini ko daga wane yanki kiran ya fito, ba sunan kowa nake nema ba, gari kawai, in san inda zan fuskanta da cigiya. Aka ce sirrin abokan hulɗa ne. Madalla da wannan riƙon amana. Ina ma an tuna da shi ranar da aka ɗauki makullin gidanmu aka ɗora a kanta.

Yanzu bari in gaya maka yadda muke rayuwa. Inna ta kira Awad ta wayar ɗiyar ƙanwarta, ta ce tana so ta koya masa magana guda da Hausa, domin idan Siddiƙ ya sake jin Larabci zai ɗauka ba gida ba ne ya katse. Ta zauna tana biya masa, yana maimaitawa, kamar yadda Baba ya biya mana lambar. Harshensa ya ƙi, tana gyara masa, har ya iya. Duk baƙuwar lambar da ta kira shi yanzu, kafin ya yi sallama sai ya ce, "Siddiƙ, kada ka kashe. Inna tana da rai, tana Alsawra, gidan Gwaggo Halima." Masu sayen burodi da masu kuskuren lamba duk sun sha jin wannan. Baƙon da bai taɓa ganin ƙanena ba ya haddace yaren da ba nasa ba saboda mu, kamfanin da ya ci kuɗinmu tun ina yarinya ya kasa danna maɓalli guda.

Amma Awad zai tafi. Gidan burodin ba ya riƙe shi, bayan Babbar Sallah zai bi 'yan uwansa haƙar zinariya a hamada, inda ba shabaka sai an yi tafiya mai nisa. Ya gaya mini yana ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifin. Mun gwada karkatar da kiran zuwa sabuwar lambata, abin ya ƙi, aka ce wannan hidimar ma ba ta dawo ba. Idan ya tafi, layin zai yi shiru. Idan ya yi shiru, na'urarku za ta fara ƙirga. Idan ta cika ƙirga, za ku sake sa lambar Inna a leda ku sayar wa mutum na uku, wanda ba mu san ko zai saurare mu ba.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba sadaka nake roƙo ba. Ku mayar da lambar nan da sunana kafin Sallah. Awad ya yarda, ni na yarda, takardar rasuwar Baba tana hannuna, sa hannun mutum guda a cikinku ya rage. Idan kwamfutarku ba ta da lafiya, ku rubuta da biro. Idan wannan ma ya gagara, ku karkatar da duk kiran da ya shigo mata zuwa wayata, yau, ba gobe ba. Ku ba hukumar da ta dace bayanin yankin da kira biyun nan suka fito, ku faɗa mini ƙofar da zan bi in karɓa, maimakon ku riƙa tura ni daga taga zuwa taga. Sannan ku dakatar da sayar da duk layin da ya yi shiru a yankin da shabakarku ta mutu, ku nemi masu su ta rediyo da masallatai, ba ta saƙon da kuka san ba zai isa ba. Ba mu kaɗai ba ne. A layin ofishinku na haɗu da matar da mijinta ke tsare, da dattijon da 'ya'yansa suka watsu ƙasashe uku, kowa da mataccen sim a ƙulle a gefen mayafi ko a aljihun jallabiyya. Hukumar da ke sa muku ido ita ma ta ji, domin da izininta kuke ƙirgar.

Ranka ya daɗe, ban san ka ba, ban san inda yaƙi ya kai iyalinka ba. Amma ka ajiye wayarka gefe, ka rufe ido, ka faɗi lambar da ka sani da ka. Na tabbata guda ce, kuma na san ta wace ce. Ka ɗauka an ba ka minti guda a duniya, ka buga ta, wani ya ce maka ka yi kuskure.

Inna ta mayar da mataccen katin cikin fatarsa ta sake ɗinkewa. Na ce mata ba ya aiki, ta ce in bar mata kayanta. Jiya ta tambaye ni ko Siddiƙ zai gwada karo na uku, ko ya riga ya ɗauka mun mutu. Rabin amsar yana wurin Allah, rabin kuma yana kan teburinka.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare maka 'ya'yanka, kada ya nuna maka ranar da za ka yi cigiyar ɗayansu. Allah ya raya mahaifiyarka idan tana raye, ya jiƙanta idan ta riga mu. Allah ya dawo da duk wanda ya ɓace gidansu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Idan ƙanena ya sake kira, Allah ya sa muryar uwarsa ce za ta amsa.

Wassalam.

Nafisa Usman,
'yar Umbadda, mazauniyar Alsawra, Omdurman.